Safiyar da Kwamfuta Ta Hana Gwaggo Ige Ruwa

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ke ƙera manhajar da kwamfutata ke tafiya a kanta, a duk ƙasar da takardar nan ta same shi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, musamman waɗanda ke zaune a ɗakin da ake aiko mana da sabuntawa, abin da masu boko ke kira afdet. Ban san sunanka ba, ban kuma san ko kana jin Hausa ba. An dai ce kuna da na'urar da ke juya kowane harshe. To in ta ci karo da "mi" a inda Kanawa ke cewa "me", kada a ɗora mata laifi, haka bakinmu yake a nan gabashin Sakkwato.

Sunana Malam Buhari. Na yi aikin malamin gona har na aje, yanzu ni ne sakataren ƙungiyar manoman rani ta wani ƙaramin gari tsakanin Wurno da Goronyo. Mahaifina da jigo ya shayar da tafarnuwarsa, guga bayan guga, har kafaɗarsa ta karkace. Mu kuwa Allah ya kawo mu zamanin dam, ruwa na biyo kanal har bakin gona, a ɗaga ƙofa ya shigo. Sai dai ƙofar ɗaya ce, mu kuma mutum arba'in da uku ne a kanta. Don haka akwai jerin rabo: wane ranar kaza da safe, wance ranar kaza bayan azahar. Jerin nan shi ne zaman lafiyarmu, kuma a hannuna yake.

A da a littafin makaranta nake rubuta shi, har shekarar da gara ta shiga akwatina ta cinye tun daga Litinin har rabin Alhamis. Sai ɗiyata Hadiza, wadda ke aikin jinya a birni, ta sayo mini kwamfutar ɗorawa a cinya, ta hannu ce amma mai lafiya. Malam Yohanna, malamin kimiyya a sakandarenmu, mutumin Zuru, ya yi ta zama da ni bayan la'asar har yatsuna suka san hanya. Shi ne ma ya sa mata haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Rani uku muka yi da ita ba wanda ya ji kanmu. Na faɗi wannan ne don ka san ba maƙiyin kayanku ke rubuto maka ba. Na yabe ku a masallaci, na yabe ku a kasuwa, har wasu na cewa kamar ina da dangi a cikinku.

Ga abin da ya biyo baya.

Na farko, maganar lokaci.

Kwamfutar ta daɗe tana tambayata ko za a sabunta ta, ni kuma ina danna wurin da ke cewa sai an jima. Ta karɓi wannan amsa sau da yawa, har na ɗauka mun fahimci juna. Ashe tara ni take yi. Ranar taronmu na farkon rani, lokacin da kowa ya gama gyaran kwami, wato fangalin shuka, yana shirin dashen albasa, na dawo daga sallar asuba, na sha kunu, na buɗe ta don in kwafe jerin rabo a takarda. Ba sallama, ba tambaya. Allon ya koma shuɗi, wasu 'yan ɗigo suka shiga zagaye kamar tururuwa a bakin ƙwaryar zuma, ga rubutu da Turanci wai in jira, kuma kada in kuskura in kashe ta.

Ranka ya daɗe, ni ban yi niyyar kashe ta ba. Amma wa ya gaya wa masu wuta? Kwana huɗu ke nan rabonmu da lantarki a ran nan. Batirinta kuwa tsoho ne, in ya cika maƙil bai kai mutum ya je kanal ya dawo ba. Na zauna ina kallon lamba tana hawa, goma sha biyu, ashirin da ɗaya, talatin da bakwai. A nan ta tsaya ta huta. Na yi mata magana da lallashi, na yi mata fifita da murfin faifai don na ji ta yi zafi, maiɗakina ta leƙo ta tambaye ni ko zazzaɓi ne. Ana haka allon ya yi duhu. Na danna, shiru. Na kai ta shagon caji na bakin tasha, ta sami wuta, ta farka, ta nuna mini wani rubutu mai tsawo, ta sake mutuwa. Ta farka, ta mutu. Haka ta yi ta yi har aka aiko cewa jama'a sun taru ni ake jira.

Tambayata a nan ita ce, ku da kuka san komi, har kun san ƙarfe nawa ne a garinmu ba tare da kun zo ba, ashe ba ku iya sanin batir saura kaɗan? Ko wanzami, in ya ga rana ta kusa faɗuwa, ba ya fara aski ya bar mutum da rabin kai.

Na biyu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Na tafi taron da ita a hammata, don dai a ga shaida. Shugabanmu Alhaji Garba ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Malam Buhari, mi ya hwaru? Ba kai ka cewa wagga aba ba ta mantuwa ba?" Aka yi dariya. Na ce ba mantuwa ta yi ba, gyaran jiki take yi. Aka ƙara dariya. Amma ruwa ba ya jiran gyaran jikin kowa, don washegari za a ɗaga ƙofa. Sai aka ce tunda ni na rubuta jerin, in faɗo shi da ka. Na tashi na yi ta kiran suna da rana, wani na rubutawa a bayan takardar siminti. Duk wanda na tsallake yana nan zaune, sai ya ɗaga murya in maida shi. Da na gama aka tambaya ko saura wani, aka ce babu. Aka shafa fatiha aka watse. Har na ji daɗin kaina, na ce ashe tsohon kan nan bai gaza ba.

Mutum arba'in da biyu na kira. Na bar Gwaggo Ige.

Gwaggo Ige matar marigayi Malam Isa ce, abokina tun muna yara muna kamun kifi a gulbi. Gonarta ce ta ƙarshe a wutsiyar kanal, inda ruwa ke isa a gajiye. Ba ta zuwa taro, ba ta kuma da namiji babba a gida da zai je mata. Tun da mijinta ya rasu ni ke sa sunanta a jeri da kaina, Laraba da safe, in aika mata. Ita ta san Larabarta ce, don haka ta sa aka dasa mata albasa ranar Talata da yamma, duk irin da ta yi reno tun ƙarshen damina. Laraba ta yi, ta tsaya a bakin gona tun hantsi. Ruwan ya tsaya a gonar wanda na ba ranarta. Ta ce ko an sami matsala a ƙofa ne, ta jira Alhamis. Ta jira Juma'a. Mace ce mai kunya, ba ta iya zuwa ta tsaya gaban maza tana gardamar ruwa. Ta yi ta ɗebo na rijiya da bokiti tana yayyafa wa kwamin da ke kusa, amma bokiti nawa tsohuwa za ta ɗauka?

Ranar Asabar ta yi sallama a ƙofar gidana. Ta ƙi shiga, ta ƙi tabarma. Ta kwance bakin mayafinta ta zuba mini dashen albasa a gabana, ya bushe ya zama kamar zaren buhu. Na fara yi mata bayani, ina cewa kwamfuta ce ta yi kaza, sabuntawa ce ta zo, batir ne ya ƙare. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Malam Buhari, ni ban san kwanhuta ba, kai ni sani. Ranar da Malam zai cika, kai yar riƙe ma hannu yac ce ka kula min da ruwan Ige. Ko wagga aba tana wurin?"

Ba ta wurin, ranka ya daɗe. Ni ne nake wurin. Na sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama a rumbu. Ta juya ta tafi, ta bar mini busasshen dashen a ƙasa. Rabon da in ji kunya irin wannan tun ina saurayi.

Ba zan ɗora muku duka ba, don Allah na gani. Malam Yohanna ya sha gaya mini in riƙa aje kwafi a filash, in kuma buga jerin tun da wuri, na riƙa cewa gobe. Mantuwar kuma daga kaina ta fito. Wannan kasona ne, na ɗauka. Amma sunanta yana nan a cikin kwamfutar, a layi na ƙarshe, rubuce daidai. Abin da ya shiga tsakanina da shi a safiyar nan, daga wurinku ya taso.

Na uku, abin da ya dawo bayan gyara.

Malam Yohanna ya karɓe ta ya kai makaranta, inda suke da sola. Yammaci biyu ya yi a kanta, ta kuma shanye datar da Hadiza ta sa mini ta wata guda kamar raƙumi ya sami tafki. Allah ya taimaka ba abin da ya ɓace. Amma da ta dawo hannuna sai na ga kamar na yi tafiya na dawo na tarar an sake wa gidana fasali, an kai ƙofa inda taga take. Abin da nake samu a hagu ya koma tsakiya. Wasu hotuna da labaran ƙasashen da ban taɓa tambaya ba suka cika gefe guda, har da yanayin sanyin wani birni mai ƙanƙara. Firintata, wadda suka yi shekara uku suna aiki tare, ta ce ba ta taɓa ganin kwamfutar ba. Na haɗa su, na raba su, na sake haɗa su, kamar mai sulhunta 'yan'uwa kan gado, ba wadda ta kula wata.

Sannan haruffanmu masu lanƙwasa suka tafi. In na danna ƙ sai k ta fito, in na nemi ɓ sai a ba ni b. Ku a can wataƙila ku ce ɗan ƙugiya ne a kan harafi, mi ya ɗauka? Bari in gaya maka abin da ya ɗauka. Akwai wasu manoma bakwai da ke can gaba da mu a gaɓar gulbi, waɗanda rijiyoyinsu suka ja baya a bana. Ƙungiya ta yanke shawarar a taimaka musu a sa su cikin rabo. Alhaji Garba ya ce in rubuta sanarwa a manna a ƙofar masallaci. Abin da na nufa shi ne, "Bana za mu ƙara da mutanen gaɓa kan maganar ruwa." Ina cikin sauri, na ce ai kowa zai gane, na kai makaranta aka buga. Abin da ya fito shi ne, "Bana za mu kara da mutanen gaba kan maganar ruwa." Wanda ya karanta wa jama'a bayan sallar azahar kuma ya karanta abin da ya gani, da murya mai ƙarfi.

Kafin la'asar labari ya kai gaɓa cewa mun yi shelar faɗa. Dattawansu uku suka hawo babur ɗaya suka zo gidan Alhaji Garba, babbansu na cewa, "Alhaji, mi munka yi muku? Mu da munka zo roƙo, shi na za a tarbe mu da sanda?" Ardo Jae, wanda ke shayar da shanunsa a ƙasan kanal, ya aiko a tambaya ko ya janye dabbobinsa kafin a fara. Sai da aka kira ni na ɗauki biro na bi takardar ina ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa a gabansu, ina karantawa a hankali, sannan aka gane. Aka yi dariya har babban dattijon ya share hawaye, aka kawo fura aka sha. Amma da a ce shekarar ƙarancin ruwa ce, zukata na kusa, da ban san inda maganar nan za ta tsaya ba. Har yau in na ratsa kasuwa sai in ji an ce, ga sarkin yaƙi nan.

Malam Yohanna ya sake maido haruffan, shi ya sa kake ganinsu a takardar nan. Firintar ma ta yarda ta gaisa da kwamfutar bayan mako biyu, ban san mi ya sauko da ita ba. Na tambaye shi ko an gama ke nan, ya yi murmushi ya ce, "Baba, sai dai wata ta sake zuwa."

Wataƙila kana son sanin yadda aka ƙare da Gwaggo Ige. Na je na faɗa wa ƙungiya gaskiya, cewa ni na tsallake ta. Ba wanda ya zage ni, abin da ya fi zagi ciwo ke nan. Alhaji Garba ya ce kowa ya duba makwancin irinsa, duk wanda ya yi saura ya kawo. Aka tara, har mutanen gaɓa suka aiko da nasu. Muka yi mata gayya ranar Talata, mutum goma sha wani abu, ni ma na tuɓe riga na shiga kwami, bayana bai yafe mini ba har yau. Aka ba ta ruwa sau biyu a mako har dashen ya kama. Amma albasar da aka dasa a makare ba ta kamo 'yan'uwanta. Tata ta fito ƙanana, abin da ta cire bai wuce rabin na bara ba. Da shi za ta ci, da shi za ta riƙe jikokinta biyu har wani rani. Yanzu kuma ba ta yarda da aike. Duk ranar taro sai ta zo da 'yar tabarmarta ta shimfiɗa a gefe, ba ta tashi sai ta ji sunanta da kunnenta.

Na huɗu, gajere ne. Cikin kwanakin nan kwamfutar ta fara nuna mini wani sabon saƙo, wai ta tsufa, babbar sabuntawa mai zuwa ba za ta hau kanta ba, gara in nemi sabuwa. Ranka ya daɗe, ni ma na tsufa, gwamnati ta sallame ni, amma ga shi ƙungiya na morata. Kalmen mahaifina na nan ina aiki da shi, ƙota kawai na sake masa sau biyu, maƙerin da ya ƙera shi bai taɓa aiko mini cewa ya daina shiga ƙasa ba. Abin da nake nema a wurin kwamfutar nan suna ne da rana da lokaci. Wannan kuwa tana yin sa sarai, in an bar ta.

Ga roƙona, ba shi da yawa.

Ku riƙa sallama kafin ku shigo. In mai gida ya ce ba yanzu ba, a ɗauka ba yanzu ba yake nufi, ko sau nawa ya faɗa, a bar shi ya zaɓi ranar da ya sami wuta da natsuwa.

Ku koya wa kwamfuta ta dubi batirinta kafin ta fara abin da ba ta iya ƙarasawa. Akwai garuruwa da yawa da lantarki ke zuwa kamar baƙon da bai faɗi ranar zuwansa ba, namu na cikinsu.

In za ku gyara, ku gyara abin da ya lalace, ku bar mana kayanmu inda muka aje su. Haruffanmu masu lanƙwasa kuma don Allah a ɗauke musu hannu. Kun ji abin da ƙugiya ɗaya ta kusa jawowa.

In hali ya yi, saƙon da take nunawa lokacin da ta rikice a rubuta shi da Hausa, ko aƙalla da Turancin da ɗan Adam ke ji. Wanda na gani a ran nan lambobi ne da haruffa a cakuɗe, Malam Yohanna da kansa sai da ya cire tabarau ya goge.

Tsofaffin kwamfutoci kuma a bar su su ƙarasa kwanansu cikin mutunci.

Kafin in rufe, akwai saƙo. Na gaya wa Gwaggo Ige cewa zan rubuta wa mai kamfanin. Ta tambaye ni ko musulmi ne, na ce ban sani ba. Ta tambaya ko yana noma, na ce da wuya. Sai ta ce, "To ka ce mishi na yahe, tunda bai sani ba. Amma in zai sake gyaran nashi, shi bari sai damina, lokacin da Allah ka rabon ruwa da kainai." Na yi mata alkawarin zan rubuta yadda ta faɗa, ga shi na cika.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya albarkaci sana'arka, ya sa ka gama da iyayenka lafiya. Allah ya tsare ka daga ranar da jama'a za su taru suna jiranka, abin hannunka kuma ya ce ka jira. In hanya ta taɓa biyo da kai ta wajenmu, ka tsaya, akwai albasa da tafarnuwa, ba ma barin baƙo ya koma hannu sake.

Na gode da haƙurin karantawa. Wassalam.

Naka mai amfani da kayanku har yanzu,
Malam Buhari,
Sakataren manoman rani na ƙofa ɗaya a kan kanal, tsakanin Wurno da Goronyo.